Janye Mahaɗin Salak Daga Kasuwa: Abin Da Mai Saye Zai Yi, Da Darasi Daga Dakwar Khartum Da Omdurman

Janye kaya daga kasuwa shi ne kamfani ko hukuma ta fito ta sanar cewa wani abinci da aka riga aka sayar yana da aibi, 'yan kasuwa su sauke shi daga kanta, wanda ya saya kuma ya daina ci ya mayar da shi. Mahaɗin salak na kwalba, wato mayonis da muke kira bama da 'yan uwansa da ake kwarara wa a kan latas da tumatir, yana cikin kayan da ake yawan janyewa a ƙasashen da ake bin diddigin abinci. Wannan bayani zai nuna dalilan janyewar, da yadda ake gane kwalbar da abin ya shafa, da matakin da mai saye zai ɗauka. Zai kuma tsaya a kan Khartum da Omdurman, inda Hausawa mazauna Sudan da ɗalibanmu suka daɗe suna zaune, domin a can mahaɗin da aka fi ci ba shi da lambar da za a kira shi da ita idan ya lalace.

Abin da ake zuba wa salak a Khartum

A manyan kantunan Khartum ana samun mayonis da sauran mahaɗai na kwalba, wasu ƙirar gida, wasu an shigo da su daga Masar da ƙasashen Larabawa ta tashar jiragen ruwa ta Port Sudan ko ta kan iyakar ƙasa. Amma a faifan abincin yawancin gidaje, abin da ke haɗa salak shi ne dakwa. Dakwa a bakin Sudanawa niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da aka soya aka markaɗa har ta yi laushi, kada a ɗauke ta a matsayin dakuwar da muka sani ta aya. Ana dama ta da lemun tsami da gishiri da ɗan mai, a zuba a kan tumatir da albasa, a kira shi salatar dakwa. Da ita ake haɗa salatar aswad ta soyayyen baƙin yalo, ana kuma sa ta a shaɗɗa, wato haɗin barkononsu. Sai ɗahina, niƙaƙƙen riɗi, da ake ci da wake da kifi.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Kwaɗon zogale da na rama da ƙuli-ƙuli ake yin su, kuma agashe, gasasshen naman da ake birkiɗa shi a garin gyaɗa da yaji a titunan Omdurman, Sudanawa da kansu Hausawa suke danganta wa shi. Saboda haka duk abin da za a faɗa game da dakwa ya shafi ƙuli-ƙulin Kano da na Maraɗi.

Dalilan da ke sa a janye mahaɗi

Dalili na farko shi ne sinadarin da ba a rubuta a jikin kwalba ba. Akwai mutanen da jikinsu ba ya jituwa da ƙwai, ko madara, ko gyaɗa, ko riɗi, ko kifi, har ɗan kaɗan daga ciki yana iya toshe musu numfashi. A Janairun 2022 kamfanin Conagra na Amurka ya janye wasu kwalaben mahaɗin Wish-Bone saboda akwai ƙwai a ciki amma takardar jikinsu ba ta ambata ba. Ga yawancin mutane wannan kwalba lafiya lau take, ga mai wannan larura kuwa tana iya kai shi asibiti cikin mintuna.

Na biyu shi ne ƙwayoyin cuta, musamman salmonela da listeriya. Mayonis na masana'anta yana da tsami sosai kuma ana dafa ƙwansa kafin a haɗa, shi ya sa ƙwayoyin ba sa saurin yaɗuwa a cikinsa. Haɗarin ya fi yawa a mahaɗan da ke da madara ko cuku, da kuma na gyaɗa da riɗi, domin salmonela tana iya yin watanni a raye cikin abinci mai maiƙo marar ruwa. A 2008 zuwa 2009 niƙaƙƙiyar gyaɗar kamfanin Peanut Corporation of America ta sa mutum sama da 700 rashin lafiya, 9 suka rasu, aka janye kayayyaki kusan 4,000 da aka yi amfani da ita a cikinsu. A 2015 kotu ta ɗaure shugaban kamfanin shekara 28, saboda an tabbatar ya san da aibin ya bari aka ci gaba da sayarwa.

Na uku shi ne tarkace, kamar gutsuren gilashi ko roba ko ƙarfe da ya ɓalle daga inji. Na huɗu guba ce ko sinadari da ya wuce ƙa'ida. Daga Satumban 2020 ƙasashen Turai sun janye dubban kayayyaki da aka yi da riɗin Indiya saboda an same shi da sinadarin feshi da aka hana amfani da shi a abinci a can.

Ga Musulmi akwai ƙarin abin lura. Wasu mahaɗan ƙasashen waje ana sa musu giya ko gutsuren naman alade don ɗanɗano, shi ya sa karanta jerin sinadaran kwalba yake amfani ta fuskar lafiya da ta halacci baki ɗaya.

Wa ke sanarwa, kuma yaya ake karanta sanarwar

A Sudan, Hukumar Ƙa'idoji da Awo ta Sudan, wadda aka kafa a 1992, ita ke sa ƙa'idar kaya, tana duba waɗanda ake shigowa da su, tana kuma ƙwace waɗanda suka lalace ko wa'adinsu ya wuce. Ma'aikatar lafiya da jami'an tsafta na ƙananan hukumomi suna duba gidajen abinci da kasuwanni. Akwai kuma Ƙungiyar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Sudan, wadda ba ta gwamnati ba ce. A Najeriya wannan aikin NAFDAC ne, wadda aka kafa a 1993. Tsakanin ƙasashe kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suna da hanyar musayar gargaɗi mai suna INFOSAN tun 2004, domin kwalbar da aka cika a wata ƙasa tana iya kasancewa a kantin ƙasashe goma.

Sanarwar janyewa galibi ba ta shafar duk kayan kamfani. Takan ambaci abu huɗu: sunan kayan, girman kwalba, lambar rukuni, da ranar ƙarewar wa'adi. Lambar rukuni ita ce mafi muhimmanci, domin ita ke nuna kwalaben da aka cika a lokaci ɗaya daga tukunya ɗaya. Ana buga ta a kan murfi, ko a wuyan kwalba, ko a gindinta. A kayan da ke da rubutun Larabci a nemi raƙamut tashgila, ita ce lambar rukuni, da tarikhul intaj, ranar da aka yi kayan, da tarikhul intiha, ranar ƙarewa. A masu rubutun Turanci kalmar Lot ko Batch ke gaban lambar, EXP kuma gaban ranar ƙarewa.

Hukumar abinci ta Amurka tana kasa janyewa gida uku, kuma jaridu kan ambaci matakin. Mataki na ɗaya shi ne wanda ake tsoron zai jawo mummunar cuta ko mutuwa. Na biyu shi ne wanda cutarwarsa ta ɗan lokaci ce ko mai warkewa. Na uku shi ne wanda ya saɓa ƙa'ida amma da wuya ya cutar.

A kula da saƙonnin WhatsApp da Facebook. Sau da yawa sanarwar shekaru biyar baya ce, ko ta wata ƙasa, ake sake yaɗa ta kamar yau ta fito. Saƙon da bai faɗi sunan hukuma da kwanan wata da lambar rukuni ba, a bincika shi kafin a tura wa wani, domin ɓata sunan ɗan kasuwar da bai yi laifi ba shi ma zalunci ne.

Matakan mai saye

1. A daina ci nan take, a ware kwalbar inda yara ba za su kai ba.
2. A gwada suna da girma da lambar rukuni da wa'adi da abin da sanarwa ta faɗa. Idan lambar ta goge ko an yar da murfin, a ɗauke ta a matsayin wadda abin ya shafa.
3. Kada a ɗanɗana ko a shinshina don gwaji. Salmonela da listeriya ba sa canza wari ko ɗanɗano.
4. A ɗauki hoton kwalbar da lambarta, a mayar wa kantin da aka saya a karɓi kuɗi ko musanya.
5. Idan mayarwa ba za ta yiwu ba, a zubar da abin da ke ciki a rami a binne, a fasa ko a huda kwalbar. Kwalbar da aka jefa juji a rufe wani zai tsinta ya ci ko ya sayar.
6. Kada a yi sadaka da ita, kada a ba almajiri ko maƙwabci, kada a zuba wa dabbobi.
7. A zubar da abincin da aka riga aka haɗa da ita, a wanke cokali da kwano da wurin da ta zauna a firij da sabulu da ruwan zafi.
8. A sanar da dangi da maƙwabtan da aka san sun sayi irinta, a kuma kai rahoto ga hukuma idan kantin ya ci gaba da sayarwa.

Dakwar da ba ta da lamba

Duk waɗannan matakai suna aiki ne ga kayan da ke da suna da lamba. Dakwar da ake saya a Kasuwar Omdurman, ko Suƙ Libiya, ko wajen mai niƙa a unguwa, a leda ake ɗaura ta ko a cika ta a tsohuwar kwalba. Ba ta da sunan mai yi, balle ranar yi. Idan ta lalace babu sanarwar da za ta biyo ta gida. Mai saye da mai sayarwa su ne hukumar.

Babban haɗarinta guba ce mai suna aflatoksin, wadda wata irin funfuna ke fitarwa idan ta kama gyaɗa ko masara ko dawa. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka yi da gyaɗar Barazil. Funfunar tana shiga gyaɗa tun a gona idan fari ya kama ta a ƙarshen damina, tana ƙaruwa idan ba a busar da ita sosai ba ko aka ajiye ta a wuri mai laima. Sudan na cikin manyan masu noman gyaɗa a Afirka, ta damina a Kordofan da Darfur, ta ban-ruwa a Jazira da Sabuwar Halfa, kuma mafi kyawunta ake tsince wa 'yan fitarwa waje. Ragowar, wato fasassu da ƙanƙanannu, ita ce mai araha, ita kuma ke yawan ƙarewa a injin niƙa.

Bincike biyu da aka wallafa a 2011 kan dakwar da ake sayarwa a jihar Khartum sun sami aflatoksin fiye da ƙa'ida a samfurori masu yawa. Kafin su, wani binciken da aka wallafa a 2001 ya nuna alaƙa tsakanin yawan cin dakwa da sankarar hanta a Sudan. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sa wannan guba a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Idan ta yi yawa a lokaci ɗaya tana kisa kai tsaye: a Kenya a 2004 mutum 317 suka kamu bayan cin gurɓatacciyar masara, 125 suka rasu. A 2019 hukumar ƙa'idojin Kenya ta janye wasu nau'ikan niƙaƙƙiyar gyaɗa na kwalba daga kasuwa saboda wannan guba.

Awon da ake yi mata ƙanƙani ne ƙwarai. Amurka ta iyakance ta a kashi 20 cikin biliyan, Tarayyar Turai a kashi 4 ga gyaɗar da za a ci kai tsaye. Ido ba ya ganin wannan, harshe ba ya jin sa, kuma suya ba ta kawar da gubar sai dai ta ɗan rage ta.

Abin da ya fi tasiri a gida shi ne tsinta. A sayi gyaɗa ɗanya a baza a faifai, a fitar da duk ƙwayar da ta yamutse, ko ta fashe, ko ƙwaro ya huda, ko launinta ya sauya, domin gubar a cikin 'yan ƙwayoyi kaɗan take taruwa. Sannan a soya a kai niƙa da kai, a tabbatar injin a wanke yake. A niƙa gwargwadon abin da za a ci a mako ɗaya ko biyu, a zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. Gyaɗar da aka tsince kada a ba kaji ko awaki, domin gubar tana fitowa a nonon dabbar da ta ci. Wanda dole sai ya sayi niƙaƙƙiya, ya tsaya ga mai sayarwa ɗaya da ya san inda take sayen gyaɗarta da ranar da ta niƙa.

Zafi, ɗauke wuta da halin yaƙi

Daga Afrilu zuwa Yuni zafin Khartum yakan haura digiri 40. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, shi ya sa salak da aka riga aka haɗa bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa 1 kawai. Firij da wuta ta ɗauke yana riƙe sanyi kamar awa 4 idan ba a buɗe shi ba. Bayan haka a zubar da buɗaɗɗen mahaɗi mai madara ko cuku. Wanda ruwan khal da mai ne kawai ya fi jurewa. Mayonis ɗin gida da aka kaɗa da ɗanyen ƙwai a ci shi a lokacin, kuma kada a ba mai ciki ko ƙaramin yaro ko tsoho.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara wa lamarin nauyi. Masana'antun Bahri da yawa sun tsaya ko an wawashe su, ofisoshin gwamnati suka koma Port Sudan, kayan da suka daɗe a rumbu cikin zafi suka shiga hannun masu talla. A Mayun 2025 kwalara ta bazu a jihar Khartum, musamman Omdurman, bayan hare-hare sun katse wuta da ruwan famfo. A irin wannan hali ɗanyen ganye da tumatir ɗin da ke ƙarƙashin mahaɗin su ma abin tsoro ne. A wanke su da ruwan da aka tafasa ko aka sa wa sinadarin kulorin, idan babu a dafa su. A guji kwalbar da murfinta ya kumbura, ko hatiminta ya ɓalle, ko aka kankare wa'adinta aka manna sabo.

Alamomin da ke buƙatar asibiti

Wanda ya ci bai ji komai ba ya kwantar da hankali ya sa ido. Salmonela takan bayyana tsakanin awa 6 da kwana 6, da gudawa da zazzaɓi da ciwon ciki, yawanci ta wuce cikin mako. Magani na farko shi ne ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tsabtataccen ruwa. Listeriya tana iya ɗaukar makonni kafin ta nuna, kuma tana jawo ɓari, don haka mai cikin da ta ci kayan da aka janye saboda ita ta ga likita da zarar ta ji zazzaɓi.

A garzaya asibiti idan aka ga kumburin leɓe ko harshe, ko borin jini tare da wahalar numfashi. Gudawa da jini, ko mai kama da ruwan shinkafa. Aman da ba ya barin ruwa ya zauna. Yaro ya daina fitsari ko idonsa ya faɗa. Ido ya yi ɗorawa kamar na mai shawara. Ko gani ya rabu biyu da nauyin fatar ido da wahalar haɗiya. A tafi da kwalbar ko hotonta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci yana kashe mutum 420,000 duk shekara, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Masu dafa wa jama'a

Tun da aka fara yaƙi, dubban iyalai a Omdurman da Bahri da Khartum sun dogara da takaya, wato ɗakunan girkin sa-kai da ake buɗewa a masallatai da unguwanni. Haka halwoyin karatun Alƙur'ani, da buɗa-bakin Ramadan da Sudanawa suka saba yi a kan tabarma a bakin titi. A irin waɗannan wurare bokitin dakwa ɗaya yana shiga cikin mutum ɗari. Kwamitin da ke karɓar gudummawa ya riƙa rubuta abin da aka kawo da wanda ya kawo da ranar, ya duba wa'adin kowane katan, ya ajiye buhunan gyaɗa a kan katako nesa da bango da ƙasa. Abin da aka yi shakka a kansa a ƙi karɓa cikin ladabi. Wannan ya shafi masu raba abinci a masallatanmu na Najeriya da Nijar, da malaman tsangaya, da masu girkin biki da suna.

Haƙƙin mai saye da nauyin mai sayarwa

Malaman fiƙihu sun yi babi a kan mayar da kaya saboda aibi: wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ke cikinsa tun kafin ciniki, bai kuma san da shi ba, yana da damar mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tulin abincin wani ɗan kasuwa ya ji laima a ƙasa, ya zarge shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Jiƙaƙƙen hatsi shi ne wanda funfuna ke kamawa. Mai niƙa gyaɗar da ya san ta lalace don ta ɓace a cikin dakwa ko ƙuli-ƙuli, da mai kanti da ya ji sanarwa ya karya farashi don ya rabu da kayan, su duba wannan hadisi da kyau.

Wasu suna jin nauyin zubar da abinci don gudun almubazzaranci, musamman a lokacin tsada. Abin da aka tabbatar yana cutarwa ya fita daga sahun abincin da ake tsoron tozarta shi, kuma kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya. Mai kantin da ya sauke kayan ya mayar wa dillali, ya kuma manna sanarwar a ƙofarsa don masu saye su gani, ya sauke amanar da ke wuyansa.

Allah Ya azurta mu da halal mai tsabta, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kawo wa 'yan uwanmu na Sudan zaman lafiya mai ɗorewa. Amin.